Ƙulli Marar Uba a Birnin Dargazu

Masu riƙe da labarin sarakunan da suka shuɗe sun ce a ƙarshen zamanin Sarki Tunau ɗan Gajere, baƙo zai shiga Birnin Dargazu ta Ƙofar Gulbi da rana tsaka, ya ratsa kasuwa, ya fita ta Ƙofar Dutse, bai ji muryar ɗan Adam ba in ban da gaisuwa. Mutane kuwa suna nan cike da gari. Mahauta na fiɗa, masaƙa na jefa ƙoshiya, mata na daka, amma daka babu waƙa, ciniki da yatsu ake yinsa, jariri ya buɗe baki zai yi kuka uwarsa ta toshe shi da nono tun bai fara ba. Fatake sun daina kwana a garin. Sun ce gara su shimfiɗa a daji kusa da kura, ita dai ana jin muryarta.

Abin da ya jawo haka Dokar Kunne ce. Wata shekara mutanen Zangarma, abokan gaban Dargazu da ke hayin Gulbin Kaiwa, suka sami wani maci amana ya zare musu sakatar ƙofa, suka shigo suka kashe Yarima, babban ɗan Sarki, suka fice. Har yau ba a san wanda ya buɗe ba. Sarki ya yi kuka har idanunsa suka ƙanƙance, majalisa kuma tsoro ya kama ta, sai ta yanke cewa kowane ɗaki a birni a huda bangonsa na baya a dasa wuyan fasasshen tulu, yadda mai tsayuwa a lungu zai kara kunne ya ji abin da ake faɗa a ciki. Aka naɗa wani bawan fada mai suna Ɓoyi Sarkin Kunne, aka ba shi mutane masu tafiya ba takalmi. Duk wanda aka ji ya ambaci Zangarma, ko ya aibata fada, ko ya cusa tsumma a wuyan tulun nan, sai Gidan Kunne, inda akwai wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe. Wanda ya ji an faɗa bai kai ƙara ba, laifinsu ɗaya da mai faɗin. Da bazara in iskar hadari ta taso takan bi wuyoyin tulunan nan, gari duka ya ɗauki wani irin gunji kamar ana kukan mutuwa daga nesa. Karnuka ma sukan shige ƙarƙashin rumbu su lafe.

To, Dargazu tana da wata al'ada tun kaka da kakanni. A soron shawara akwai igiyar rama mai kauri rataye daga azara, ta yi baƙi ƙirin don tsufa. Kowace doka ƙulli ce a jikinta. Basaraken da ya kawo doka shi ke ƙulla ta da hannunsa a gaban kowa, sanƙira ya fita ya faɗi sunansa, daga ranar ya zama uban ƙullin. Sarki ba ya taɓa igiyar, rantsuwar da yake yi ke nan ranar naɗi. In doka ta ɓaci ubanta kaɗai ke kwance ta, in kuwa ya kwance sai ya tuɓe rawani ya je tsakiyar kasuwa ya zauna daga hantsi har faɗuwar rana. Zaman hakki ake ce masa. Duk wanda dokar ta cuta ya zo ya karɓi abin da ya ga dama, ko dukiya, ko ido, ko rai, ba mai hana shi. Shi ya sa mutanen da ba su yawan ƙulla doka, sai mutum ya yi tunani ya sake kafin ya miƙa hannu.

Ranar Dokar Kunne kowa ya yarda da ita, amma ba mai son zama ubanta. Makama Cindo, wanda wayo ya yi masa yawa, shi ya kawo dabara. Ya ce a rufa baƙin gwado a kan igiya, manyan majalisa duka su sa hannu a ƙarƙashi, in an yaye a ga ƙulli. Haka aka yi. Sanƙira ya fita ya ce majalisa ta ƙulla. Kai, Allah wadan wannan wayo! Majalisa tana da rawanin da za ta tuɓe? Tana da wuyan da za a kama? Mutum ɗaya ce ta ƙi sa hannu, Magajiya Tarana, gwaggon Sarki, ta ce ita ba ta wasan yara da abin da kakanni suka bari. Aka ce tsufa ne ke damunta.

Shekarar da muke magana a kai, gulbi ya ja baya irin jan da tsofaffi ba su taɓa gani ba, har duwatsun tsakiya suka fito. Shamuwa ba ta zo ba. Ungulaye suka bar mahauta suka koma saman soron shawara suka jeru, ko an jefe su ba sa tashi. A cikin haka aka kama Anaruwa, Sarkin Jirgi, dattijon da ya ƙare rayuwarsa yana fiton mutane a gulbi. Wani ɗan kunne ne ya ji shi yana gaya wa matarsa cewa ya ga mutanen Zangarma suna auna ruwa da gora a mashigi, rundunarsu na tafe. Anaruwa kuwa kawun Galadima Hankurau ne, yayan mahaifiyarsa, shi ya koya masa iyo yana ƙarami, shi ya riƙe shi bayan uwar ta rasu. Galadima ya ji labarin kamun, ya haɗiye abinsa bai ce uffan ba, don ɗakinsa ma da wuyan tulu. Wata ya kama ya ƙare dattijo na Gidan Kunne, Galadima kuwa yana ta ramewa, abinci ba ya wuce masa wuya.

Kaura Barmo, shugaban yaƙi, shi ya roƙi a zauna shawara. Aka taru da hantsi, zafi ya cika soro, ana jin faratan ungulaye suna karce rufi. Sarki na kan gado ya rufe baki da amawali. Kaura ya faɗi ya yi gaisuwa, kafin ya fara magana sai da ya waiga bangon baya, don soron shawara ma an dasa masa wuyan tulu, majalisa ce ta ce kada a ce ta keɓe kanta.

"Zaki, Allah ya ba ka nasara," in ji Kaura. "Bana mashigi biyu ne doki zai ratsa, Mashigin Giwa a arewa, Mashigin Kada a kudu, birni na tsakaninsu. Rundunar da ke hannuna ɗaya kaɗai za ta iya tsarewa, in na raba ta biyu nama na ba mutanen hayi. Na aika manzanni ƙauyukan bakin gulbi, kowa ya dawo ya ce an ce masa lafiya lau. Amma masunta sun janye jiragensu, Fulani sun kaɗa shanu sun yi gabas, mata sun kwashe hatsi daga rumbu. Talakawanka sun san abin da ke tafe, Zaki, mu ne ba mu sani ba. Mutum ɗaya ya faɗa da bakinsa, yana hannun Ɓoyi. A fito da shi ya gaya mana wane mashigi ne."

Aka juya wajen Sarkin Kunne. Siririn mutum ne, ba ya ɗaga murya, ba a taɓa jin takunsa ba. Kaura ya tambaye shi ko a zaman da dattijon ya yi a hannunsa ya ji sunan mashigin. Ɓoyi ya ce shi aikinsa ya san wanda ya faɗa, abin da aka faɗa ba ruwansa da shi. Ya ce yaransa ba sa barin mutum ya ƙarasa irin wannan magana, don sauraronta ma laifi ne. Ya ƙara da cewa in aka kawo Anaruwa nan ya ambaci sunan da aka hana, to duk wanda ke soron nan ya ji, kuma doka ba ta cire kowa ba, ko mai rawani ko marar rawani. Ya faɗi haka ne cikin ladabi, kansa a ƙasa, amma ba wanda bai ji sanyi ya ratsa shi ba.

Kaura ya ce to a kwance dokar mana, yau ɗin nan. Nan fa aka yi cirko-cirko. Sarki ya ɗaga hannu a gajiye ya ce shi bai ƙulla ba, ba shi da ikon taɓa igiya, su suka kawo masa doka yana cikin makoki ya ce Allah ya sa alheri. Makama Cindo ya gyara zama ya ce dokar ba ta da aibi, masu aiki da ita ne suka wuce gona da iri. Ɓoyi ya ce shi kunne ne, kunne ba ya yin doka, abin da aka sa shi yake yi. Da aka ce to wa ya ja igiyar a ƙarƙashin gwado, Makama ya rantse da kabarin ubansa cewa gwadon kawai yatsunsa suka taɓa. Durbi ya ce ranar yana fama da karkare a yatsa, ko lomar tuwo bai iya riƙewa ba, balle igiya. Ubandawaki ya ce shi a gefe yake, hannunsa bai kai ba. Ka ji manya! Dattawa masu furfura, masu dawakai da bayi, suna ta zamewa kamar yaran da suka fasa tulu a hanyar rijiya. Wallahi abin kunya ne, ko a bakin mai ba da labari.

Magajiya Tarana ta bari sai da suka gama, sannan ta buga sandarta a ƙasa. Idonta ɗaya ya riga ya mutu, ɗayan ta kafa musu.

"To ashe ƙullin nan shi ya ƙulla kansa," in ji ta. "In haka ne aljani ke mulkin Dargazu, mu tashi mu ba shi soro. Na gaya muku tun ranar, kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta, kuka ce na tsufa. Kakanninmu ba don ado suka rataye igiyar nan ba. Sun san mai mulki ba ya jin zafin doka sai in wuyansa na cikinta. Kun cire wuyanku kun sa na talakawa. Rijiyar Gidan Kunne ta kusa cika da 'ya'yan mutane, ba wanda za a je wa a ce kai ne. Yanzu ga mashi a bakin gulbi, ku aika majalisa ta tare shi."

Galadima Hankurau na zaune dama da Sarki, zufa na bin gemunsa. Shi ya san abin da ya faru a ƙarƙashin gwado, ya kuma san abin da zaman hakki ke nufi a garin da kusan kowane gida yana da gawa a rijiya. Yana da 'ya'ya, yana son ransa kamar kowa, tsoro kuwa ya kama shi. Amma kawunsa na can a hannun Ɓoyi, kuma in bai yi magana ba, dattijon da birnin duka za su tafi tare. Ya tashi ya zo gaban Sarki ya durƙusa.

"Zaki, Allah ya ja zamaninka. Ranar da aka rufa gwado na ji yatsun 'yan'uwana suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, har igiya ta rage a hannuna ni kaɗai. Da na saki, da an yaye ba a ga komai ba. Ban saki ba. Na tuna gawar Yarima a bakin ƙofa, na ja da ƙarfina, na kuma yi murna da ba wanda zai san ni ne. Ni ne uban ƙullin nan. A gaya wa sanƙira ya faɗi sunana."

Makama ya saki wata ajiyar zuciya har sai da na kusa da shi suka ji. Sarki ya dubi Galadima ya ce ya san abin da ke bayan wannan magana kuwa? Galadima ya ce ya sani. Ya warware rawaninsa ya ajiye a gaban gado, ya je wajen igiya. Ƙullin ya ƙame, ya zama kamar dutse, ya yi ta fama da farce har farcen ya tsage, sai ya sa haƙori. Da ƙyar ya saki. Yana saki iska ta taso a waje, wuyan tulun da ke bangon soro ya yi gunji mai tsawo, ungulayen rufi suka tashi gaba ɗaya. Galadima ya juyo bakinsa duk jini ya ce a kawo Sarkin Jirgi.

Dogarai suka shigo da shi suna riƙe da hammatarsa. Anaruwa da aka sani ƙaton mutum ne mai faɗin ƙirji, wanda in ya yi kira daga wannan gaɓa ana ji a waccan. Wanda aka kawo tsoho ne ƙashi da fata, yana kare ido daga haske. Galadima ya ga haka sai hawaye, bai ɓoye ba. Ya tsuguna gabansa ya nuna masa igiya, ya nuna masa kansa da ba rawani, ya gaya masa an kwance doka, ya faɗi mashigin da ya ga ana aunawa, ba abin da zai same shi. Anaruwa bai dubi igiya ba. Bangon baya ya duba, inda wuyan tulu yake.

"Ranka ya daɗe, ruwa kawai na gani," in ji shi.

"Kawu, ni ne Hankurau. Dube ni. Da hannuna na kwance ta."

"Allah ya ƙara wa Galadima girma. Ni fito nake yi, ban ga kowa ba."

Kaura ya roƙe shi, Magajiya ta roƙe shi, Sarki da kansa ya sauke amawali ya rantse masa. Amsa ɗaya yake bayarwa, murya ba hawa ba sauka. Kaura ya fusata ya shaƙo wuyan rigar Ɓoyi ya ce me suka yi wa mutumin nan. Ɓoyi ya ce ba su yi masa komai ba sai gwajin baki. Wato sukan aika wa ɗaurarre mutum cikin shigar fada, ya ce masa an kwance doka, Sarki na son jin gaskiya. In ya buɗe baki ya ambaci sunan da aka hana, an tabbatar bai tuba ba ke nan, sai a ɗauko mutum ɗaya daga gidansa a jefa rijiya a gabansa. Ya ce karon farko Anaruwa ya yarda, aka jefa ɗansa Korau. Karo na biyu an zo masa da igiya a kwance da mutum marar rawani, ya sake yarda, aka jefa matarsa Yalwa. Jikoki ne suka rage masa. Ɓoyi ya ce tun shekarar farko ya kawo wa majalisa maganar gwajin baki, ba wanda ya hana, ranar ana ta gardamar rabon dawakin da aka kawo daga arewa.

Galadima ya tuna ranar sarai. Ya tuna har dokin da ya zaɓa. Ya zauna daɓas a ƙasa gaban kawunsa.

Tunda ba a sami magana ba, Kaura ya ce dole ya yi ƙundumbala. Ya zaɓi Mashigin Giwa, don ta nan mutanen Zangarma suka biyo wancan karo, kuma yashinsa ya fi tauri. Aka buga tambari, runduna ta fita da la'asar ta yi arewa, 'yan lifidi a gaba, 'yan baka a baya. Mutanen gari suka tsaya a ƙofofin gidajensu suna kallo. Da yawansu sun san arewa ba nan ba ne, masu ɗebo ruwa sun sani, masu yankan ciyawa sun sani, amma ba wanda ya ɗaga murya. Sanƙira ya zaga unguwa-unguwa yana shelar an kwance Dokar Kunne, Galadima Hankurau ne ubanta, kowa ya toshe bangonsa. Ko mutum ɗaya bai kwaɓa ƙasa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma labarin gwajin baki ya daɗe da ratsa gari ba tare da an faɗe shi da ƙarfi ba.

Washegari da hantsi Galadima ya fito kasuwa da riga ɗaya, kai ba hula, ya zauna a ƙasa gindin wata tsamiya da ta bushe. Ya riga ya yi sallama da iyalinsa, yana jiran wuƙa ko dutse. Mutane suka taru suka yi masa zobe, ɗaruruwa, waɗanda aka jefa wa uba, waɗanda aka jefa wa miji. Suka tsaya suna kallonsa kawai. Wata mata ta matso da taɓarya a hannu, sai ta waiga ta ga wani mutum marar takalmi a cikin taro, ta koma da baya ta ɓuya. Shi kuwa mutumin talaka ne kawai da bai da takalmi. Galadima ya ɗaga murya ya roƙe su, ya ce ransa nasu ne su ɗauka, amma don Allah wanda ya san mashigin ya faɗa, har yanzu mai doki zai iya cim ma Kaura. Ya yi ta kira har muryarsa ta dishe. Wannan shirun ya fi masa duka ciwo, don ya san shi ya koya musu shi.

Rana ta take tsaka sai aka hango hayaƙi ta kudu. Da fari siriri, sannan ya yi kauri ya rabu wuri-wuri, ƙauyukan Mashigin Kada ne ke ci. Rundunar Zangarma ta ratsa tun asuba, ruwa bai kai cikin doki ba, ba wanda ya harbe ta ko da kibiya ɗaya. Kaura a Mashigin Giwa ya wayi gari yana gadin yashi da tsuntsaye. Da ya ga hayaƙin ya gane, ya juyo da runduna a guje cikin zafin bazara, dawakai na faɗuwa a hanya, 'yan baka an bar su can baya. Ya iske abokan gaba a fadamar da ke gaban Ƙofar Gulbi, sun huta, sun sha ruwa, sun jera garkuwa.

Kaura Barmo namiji ne, wannan kam ba mai musu. Bai jira kowa ba ya zabura ya faɗa tsakiyarsu da dawakai masu kumfa a baki. Karon farko ya tsaga su har ya hango tutar Sarkin Zangarma. Karo na biyu dawakan Dargazu suka kasa, ƙafafunsu suka nutse a laka, 'yan bakan hayi suka yi musu ruwan kibau daga cikin ciyawa. Aka soki dokin Kaura ya faɗi da shi, ya miƙe da takobi yana sara har aka rufe shi da masu. Mutanen birni na kan ganuwa suna gani, mazansu da 'ya'yansu na faɗuwa a gabansu, amma ko kururuwa ba a yi ba, sai ƙarar ƙarfe da haniniyar dawaki. 'Yan tsirarun da suka tsira suka shigo da gudu, aka mai da ƙofa aka danna sakata.

Duk wannan Galadima na zaune gindin tsamiya, don rana ba ta faɗi ba, al'ada ba ta sake shi ba. Taro ya watse, kowa ya tafi neman nasa. Can da inuwa ta yi tsawo sai ga Anaruwa yana jan ƙafa, yana dafa bango, har ya iso ya tsaya a kansa. Ya daɗe yana kallon hayaƙin kudu.

"Mashigin Kada," in ji shi. "Zangarma, a Mashigin Kada. Korau ya tafi a kan maganar nan, Yalwa ta bi shi. Yau ga ta na ba ka kyauta."

Galadima ya sunkuyar da kai ya miƙa wuya. Ya ce, "Kawu, kai ka fi kowa hakki a kaina. Karɓi abin da ka zo karɓa."

"Ran nan da aka kama ni ka ji labari?"

"Na ji."

"Ka ce me?"

Galadima ya ƙara sunkuyar da kai. Anaruwa ya gyaɗa kai. Ya ce wuyan Galadima ba zai fito masa da kowa daga rijiya ba, kuma shi bai taɓa yanka ko akuya da hannunsa ba.

"Abin da na zo karɓa sunan nan ne da ka kira ni da shi," in ji shi. "Ƙanwata ba ta bar ɗa ba. Kada ka ƙara ce mini Kawu."

Ya juya ya tafi neman jikokinsa. Galadima ya yi kuka irin na yaro, a fili, ba kowa a kasuwar sai shi da karnuka. Da an yanke masa hannu da ya fi masa sauƙi.

Rana na faɗuwa tamburan Zangarma suka fara amsawa daga bayan ganuwa, gabas da kudu, sannan yamma. Wani dogari ya zo da gudu ya ce Sarki ya kira majalisa, amma Makama da Durbi da Ubandawaki sun fice ta Ƙofar Dutse da iyalansu tun da aka ga hayaƙi, Ɓoyi kuma ba wanda ya ga fitarsa. Ya ce soro ba kowa sai Sarki da Magajiya, kuma mutanen da ke kan ganuwa ba su da mai ba su umarni. Galadima ya ce masa shi yanzu ba Galadima ba ne, ba shi da rawani. Dogari ya ce Sarki ya sani, ya ce a zo da shi haka nan.

Hankurau ya share fuska da hannun riga, ya miƙe da ƙyar don ƙafafunsa sun sage. Ya karɓi mashin dogarin, ya ce ya je ya gaya wa Sarki yana Ƙofar Gulbi. Ya bi lungu ya nufi ganuwa kai ba hula, mutane na leƙensa ta ƙofofi, can kuma aka ji an fara dukan ƙofar birni da gungume.